Zaren da Na Ƙi Kwancewa a Kudan

Jiya wasu samari suka zauna a bakin rumfata suna kallon dambe a waya. Ɗayansu, mai hannu kamar sillen kara, yana cewa da zai samu mai ɗaura masa zare da shi ma ya shiga, ai ba wani abu ba ne, ƙarfi ne kawai da taurin kai. Na ce ya je ya fara koyon ɗaga buhun masara tukuna. Suka kwashe da dariya, don su a saninsu ni tsohon dillalin awaki ne a kasuwar Makarfi, mai masifa a kan igiya. Ba su san shekara tara na yi ina ci da dambe ba, daga ƙasar Ikara har Kudan ba garin da ba a buga mini take ba. Garba sunana, amma a fili Taɓarya ake ce mini. To ku da masu irin tunaninku, ku matso ku ji yadda sana'ar take.

Gidanmu gidan fawa ne, kuma a zamaninmu dambe wasan mahauta ne, ba kowane ɗan iska ke faɗa masa ba. Ni ne babban ɗa, ni ake sa ran zan gaji rumfar Baba a kasuwa. Saboda haka hannuna na dama shi ne gonata gaba ɗaya. Da kaka in yi dambe da shi, sauran shekara in yi fiɗa da shi. Ba mu da gonar rake kamar maƙwabta, ba mu da shanun huɗa. Idan hannun nan ya samu matsala, gida guda ne ya samu matsala.

Aikin farko da ubangidana ya ba ni shi ne murza zare. Maigida Ilu ke nan, mutumin Kurmin Kogi, tsohon ɗan dambe da haƙoransa na gaba suka daɗe da yin ƙaura. Na zo masa da zumuɗi, ina ganin gobe zan fara zubar da mutane. Ya miƙo mini dunƙulen zaren auduga da tsofaffi suka kaɗa, ya ce in murza shi riɓi uku a kan cinyata. Damina guda ina murza zare, cinyata ta yi kanta, ban bugi ko kaza ba. Da na yi ƙorafi sai ya kai ni fadama, ya tsayar da ni cikin taɓo, ya ɗora mini dutse a tafin hagu ya ce in miƙe shi gaba, ya tafi ya zauna a inuwa yana shan rake.

“Maigida, yaushe zan fara koyon duka?”

“Jaki ma ya iya duka. Kai tsayuwa za ka koya.”

Gaskiyarsa ne. A dambe ko gwiwarka ce ta taɓa ƙasa, ko ɗan yatsa ka dafa, an kashe ka ke nan, haka muke cewa. Hagu garkuwa ce, da ita kake auna mutum kana ture shi. Dama ita ce mashi, kuma mai hankali ba ya jefa ta sai ya ga wurin da za ta sauka. Shekara biyu na yi kafin ya yarda ya sa ni a fili, a wani ƙaramin biki, da wani yaro sa'ana da ya zubar da ni tun ban gama gyara warki ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Warki, tsumman da ake fara naɗe hannu da shi, zare, sai layu da kambuna ga mai so. Amma duk cikinsu zare ne sana'ar. Ana fara shi daga kan gaɓoɓin yatsu bayan ka dunƙule, a bi da shi wuyan hannu, a haura har rabin damtsen ƙasa. Ɗauri iri biyu ne. Akwai ɗaurin wasa, wanda kana iya yini da shi. Akwai kuma ɗaurin kisa, na manyan karawa. Shi wannan sai an yayyafa wa zaren ruwa, mai ɗaurin ya taka cinyarka da ƙafa, ya ja da hannu biyu har da haƙori in yana da su. Hannu ya koma dutse, amma jini ba ya shiga ba ya fita. Maigida yakan ce kada ɗaurin kisa ya wuce lokacin da za a dama fura a sha a wanke ƙwarya. Ana tashi daga fili, kafin ma ka sha ruwa, a warware shi a murza maka hannu da man shanu.

Sai dai akwai wata doka da ta fi wannan ƙarfi, ita kuwa ba wanda ya kafa ta, kowa ya tashi ya tarar da ita. Idan an ɗaura maka zare da sunan wani, ka fito fili jama'a sun gan ka, to wanda ya fara kwancewa kafin a gwabza ya gudu. An kashe shi ba duka. Makaɗa za su sa shi a waƙa, 'yan mata su ɗauka a dandali, har jikokinsa sai an yi musu gori. Dokokin nan biyu ba su taɓa karo ba, saboda tsarin wasa ya raba su. Yara ke fara buɗe fili, sai matsakaita, manya kuma suna kwance a inuwa ana yi musu fifita. Sai an ga rana ta yi sanyi, an kusa kiran sunanka, sannan a ɗaura maka.

Masu gayyatarmu yawanci manoma ne da Allah ya ba su shekara. Sarkin noman gari ya aiko da goro, ko mai gonar rake da zai aurar da ɗa. A sauke mu a zaure, a cika mu da tuwo, in an tashi a haɗa mu da damin dawa da mazarƙwaila, wani lokaci riga. Akwai masu neman rainin hankali. Wani attajiri a Ikara ya taɓa jan Maigida gefe, wai in bar ɗansa ya yi turmi uku, wato zagaye uku, a tsaye don amarya tana kallo. Maigida ya ce to. Ya dawo ya raɗa mini cewa in taimaki yaron ya kwanta da wuri, kada ya wahala. Ranar ko ruwan wanke hannu ba a ba mu ba, da ƙafa muka dawo gida muna dariya.

Shekarar da ta cinye ni ta zo ne 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, lokacin da 'yan siyasa suka gano cewa kalangun dambe ya fi lasifika tara mutane. Aka aiko mana cewa wani babban mutum zai zo Kudan daga Kaduna, ana so a yi masa wasan da ba a taɓa yi ba. Aka haɗa ni da Bawa Kututture na Likoro. Ya girme ni da kusan shekara goma, gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma tun da na yi wayo ban ji an ce ga wanda ya kai shi ƙasa ba. Ni kuwa ina da ashirin da 'yan kai, jinina yana tafasa, na daɗe ina neman ranar.

Muna isa sai wani ɗan kwamitin shirya taron, mai agogo a hannu da takarda a aljihu, ya zo da sabon tsari. Ya ce baƙon ba zai daɗe ba, saboda haka manya ne za su fara, yana sauka daga mota a gwabza.

Maigida ya ce, “Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba. A bar yara su fara, in ya iso sai mu ɗaura.”

“Baba, wannan ba bikin ƙauye ba ne. Mutumin da ke da ofis a Kaduna ba zai zauna jiran ku naɗe tsumma ba. Yanzu aka ce ya wuce Hunkuyi.”

Daga Hunkuyi zuwa Kudan a mota ai ba nisa. Muna idar da azahar Maigida ya yayyafa wa zare ruwa, ya taka cinyata ya ja. Ban taɓa jin ya yi ɗauri irin na ranar ba, don ya san wanda zan tara. Aka fito da mu, ni a gabas, Kututture a yamma, fili a tsakaninmu, jama'a sun yi da'ira har kan itatuwa. Aka kira sunana, aka kira nasa. Muka zauna muna kallon hanya.

Ba mota. Can sai ga mai keke a guje, wai baƙon ya tsaya gaisuwa amma ya taso. Aka buga kalangu, aka gaji aka bari. Hannuna ya fara bugawa kamar an sa masa zuciya tasa ta daban. Daga nan sai na ji kamar kiyashi na yawo a cikin yatsuna. Mai keke ya sake dawowa, wai yanzu kam da gaske ne. Maigida ya tafi wajen mai agogo ya roƙe shi a bari a kwance mana gaba ɗaya, a yi shela cewa umarni ne. Mai agogo ya ce in aka kwance mota ta shigo fa, wa zai ɗauki laifin? Maigida ya dawo yana ta zufa, ya kasa zama.

Da aka kira la'asar sai wani abin mamaki ya faru. Kututture ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jama'a, salla ta fi wasa! A kawo mini buta, a kwance mini zaren nan in yi alwala!”

Aka fara ƙus-ƙus ana dariya ƙasa-ƙasa. Mu 'yan dambe ba a san mu da rige-rigen sahun gaba ba, Kututture kuwa ko a cikinmu ya yi suna. Amma wa zai ce wa mai neman alwala ya gudu? Ko makaɗi mafi baƙin baki ba zai iya ba. Yana tsaye ana warware masa, idonsa yana kaina. Maigida ya sunkuyo kusa da kunnena.

“Garba, tashi ka yi alwala.”

Da a ce na yi shiru na miƙa masa hannu, da yau wani labari nake ba ku. Amma ni abin da na gani shi ne tsoho ya gaji, ya fake da salla. Kuma gaskiya ce, alwalata ta azahar tana nan. Sai na yi zumbur na miƙe, na ɗaga hannun sama, na kwarara ihu.

“Ni ina da alwala!”

Kai, ban taɓa jin sowa irin ta ranar ba. Kalangu ya ɓarke, mata suka yi guɗa, wani ya cire hularsa ya jefo mini. Nan take makaɗina ya sa maganar a cikin take. Na juyo ina jiran Maigida ya yaba, sai na ga bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi fari fat. Ba yadda zai yi kuma, don da bakina na rufe ƙofar, a gaban mutanen gari uku. Na yafa riga na bi sahu da hannu a ɗaure. Kututture ya yi sallarsa, yaransa suka murza masa hannu, ya sha fura, sannan aka mayar masa da zare a hankali.

Bayan la'asar hannun ya kama da wuta. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Maigida ya zaro 'yar wuƙarsa a ɓoye, ya ce zai yanke ta ƙarƙashin riga, in ya so a ce zare ne ya tsinke. Na ce in ya taɓa ni, ni da shi har abada. Ya mayar da wuƙar. Na sha tunanin wannan daga baya, don ƙarfina bai kai in hana shi ba in da ya nace. Shi ma dokar tana cikin jininsa, yana tsoron a ce yaron Ilu ya gudu. Can da rana ta sunkuya sai ciwon ya ɗauke ɗif, kamar an hura fitila. Wallahi murna na yi. Na ce wa Maigida, “Ka gani, ya daina.” Sai na ga hawaye a idon tsohon, na rasa dalili.

Rana ta yi ja sannan motoci suka shigo. Baƙon da aka ce ba shi da lokaci ya hau mumbari ya yi jawabi a kan rijiyoyi da hanyar mota, aka tafa, wani ma ya tashi ya yi nasa. Sannan aka ce a sa zare.

Wasan da aka yini ana jira bai kai a ƙirga ashirin ba. Muka zagaya sau ɗaya, na tura garkuwa, ya kauce, na ga gefen muƙamuƙinsa a buɗe. Daga kafaɗa na jefa hannun, don daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ban san inda yake ba. Na ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, amma ban ji komai a jikina ba. Kututture ya tafi da baya ya zube. Mutumin da shekara goma sha biyar ba a ga bayansa a ƙasa ba!

Ana cikin ɗaga ni sama sai ga mai agogo yana ture mutane.

“Ku dakata! A sake! Mai girma yana magana da hakimi, bai gani ba.”

Maigida ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, “Ɗana, je ka gaya masa ba a kashe mutum sau biyu.” Aka aiko mini da riga daga mumbari, motoci suka juya suka tafi.

A bayan wata rumfa aka zaunar da ni. Zaren ya ƙi warwaruwa, ya nutse cikin nama, sai da wuƙa aka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da tsumman ya fita sai kowa ya ja da baya. Hannun ya yi launin toka, ya yi sanyi kamar ruwan randa. Ni mahauci ne, na san kamannin naman da rai ya bari, kuma shi nake gani a jikina. Na ce wa yatsuna su buɗe, suka ƙi. Maigida yana murzawa da man shanu yana salati. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a gaban wani ɗan dambe ba. Kafin gari ya waye hannun ya kumbura ya kai girman tulu ƙarami, ciwon kuma ya dawo da 'yan'uwansa.

Maɗori a Ikara ya taɓa hannun ya ce ƙashi biyu sun karye a bayan hannu, wurin dukan ne, ni ban ma sani ba. Ya jera karare ya sake ɗaure shi tam. Ku ji fa, hannun da ɗauri ya kashe, muka kai shi aka ƙara masa ɗauri, kuma duk cikinmu ba wanda ya ga aibun haka. Sai da ya fara wari Baba ya sa ni a motar rake zuwa asibiti a Zariya. Likita Bature ya kwance, ya duba, ya tambayi awa nawa zaren ya yi. Da aka gaya masa sai ya cire tabarau ya sake tambaya, yana zaton tafinta ne ya yi kuskure. Sun yi ƙoƙari, ba su yanke shi ba. Amma ya ce naman ciki ya mutu, jijiyoyi za su ƙanƙance.

Ina kwance a can sai ga Kututture, an ɗaure masa haɓa da rawani, magana da ƙyar. Ya ajiye mini ƙullin mazarƙwaila ya zauna a bakin gado. Na sunkuyar da kai na gaishe shi.

“Yaya, ka yafe ni.”

“Duka ai sana'a ce, ba ita ta kawo ni ba. Ƙanena, tambayarka zan yi. Ka taɓa jin na nemi buta a fili?”

“Ban taɓa ba.”

“Ni ma ina da alwala ranar. Na hango hannunka daga inda nake, na ga yadda kake riƙe da shi. Na ce yaron nan ba zai fara kwancewa ba, bari in ɗauki abin dariyar a kaina, ya biyo bayana, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sai na ji ka kana ihu.”

Mutumin da na yini ina yi wa kallon matsoraci, ashe shi kaɗai ne a filin nan ya yi wani abu don ya cece ni.

Bayan wata huɗu na koma kasuwar Makarfi. Raunin ya warke, kumburi ya saɓe, na gaya wa kowa sauƙi ya samu. Ranar kasuwa ce, an yanka bunsuru an rataye. Baba ya miƙo mini wuƙar fiɗa a gaban sauran mahauta. Yatsuna sun lanƙwashe sun manne da tafi, na sa hagu na cusa ƙotar a tsakaninsu. Ina kai ta jikin fata ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka na sake cusawa, ta sake faɗuwa. A karo na uku Baba ne ya riga ni sunkuyawa. Ya goge ta a gefen rigarsa, ya juya ya miƙa wa ƙanena Sale, ya ce ya yi sauri masu saye suna jira.

Ina tsaye a wurin ban san inda zan sa kaina ba, sai na ji kalangu daga layin masu hatsi. Makaɗina ne ya hango ni, ya taho yana buga takena, yana kiran mai alwala, wanda ya kashe Kututture a Kudan. Mutane suka bar ciniki suka kewaye rumfar. A al'ada in an buga takenka sai ka dunƙule hannu ka ɗaga. Na ɗaga. Ban sha wahalar dunƙulewa ba, don tun daga ranar har yau bai sake buɗewa ba. Kasuwa ta ɗauki sowa, a bayana kuma ina jin Sale yana fiɗa.